Muryata a Kyamarar Gandiroba

Na san abin da kuka ji game da barina aiki. Wasu sun ce korata aka yi don an kama ni da ƙarya, wasu sun ce ƙarar wata Balarabiya na kai, abin ya juyo kaina. Ke Maryam har kin taɓa shigowa gida da kuka saboda wata yarinya ta goranta miki a layin ɗiban ruwa, na rarrashe ki kawai ban ce miki komai ba. To duka maganganun biyu akwai gaskiya a cikinsu, sai dai ba haka suka jeru ba. Tunda ido ya fara gajiya, bari in jera muku su yadda suka faru tun ina iya riƙe alƙalami.

Shekara tara na yi ina aikin tafinta a ɓangaren mata na wani gidan tsare mutane da ke bayan garin Makka, inda ake ajiye waɗanda aka kama ba su da takardu kafin a mayar da su ƙasashensu. Ba gwamnati ce ta ɗauke ni ba, wata sharika ce mai kawo masu shara da masu dafa abinci, kuma ita ce kafilina, wato mai tsaya mini a wurin hukuma, iƙamata, takardar izinin zamana a ƙasar, a hannunta take. Abin da ya ba ni aikin bai wuce bakina ba. A unguwar Nakkasa, nan cikin Makka, aka haife ni, Larabcin titi na tashi da shi, Hausa kuwa Inna ba ta taɓa yarda a yi mata wani harshe a cikin ɗakinta ba. Aikina shi ne in tsaya tsakanin gandiroba da matar da aka tsare, wannan ta faɗa in juya wa waccan. Kuma tun makon farko na koyi wata dabara da na daɗe ina alfahari da ita: ina tace magana. Idan mace ta fusata ta zagi gandiroba ta uwa ta uba, sai in ce, ta ce ta gaji, tana son ruwa. Idan gandiroba ta ce a rufe mata baki, sai in ce, ta ce ki yi haƙuri, an kusa. Faɗa nawa na kashe a haka, Allah kaɗai ya sani. Ni a wurina sadaka ce nake yi da harshe, kuma ba wanda ya taɓa tambayata, don ba mai jin harsunan biyu sai ni.

A shekarar da aka fara rusau a gangaren unguwarmu ne aka kawo kyamarorin. Aka ce gwaji ne. Ƙananan abubuwa ne baƙaƙe, ba su kai tafin hannu ba, ana maƙala su a ƙirjin rigar gandiroba, da wata 'yar jar fitila da ke nuna tana aiki. Kun san halina da son sanin abu. Ranar ko abinci ban ci da kyau ba. Na bi Amal, wata matashiyar gandiroba mai sauƙin kai da ke shugabantar masu aikin safe, ina ta jero mata tambayoyi. Ina hoton yake tafiya? Idan ta cika fa? Idan mutum ya shiga banɗaki? Ta yi ta dariya, ta nuna mini wani allo mai ramuka a ofis inda ake jera su bayan an tashi, su sha wuta su kuma juye abin da suka ɗauka. Su ma gandirobobin sai da suka yi gardama, suka ce ba za a ɗauki fuskokinsu maza su kalla ba, har aka yi musu alkawarin mace ce kaɗai za ta riƙa dubawa, wato mudira, shugabar ɓangaren.

Na shafe makonni ina kallon abin da wannan ɗan ƙarfe ke yi wa mutane, kuma ya fi kowane wasan kwaikwayo daɗin kallo. Gandirobar da ban taɓa jin ta ce wa wata don Allah ba, sai ga ta tana faɗa har sau biyu a jimla ɗaya. Wata kuma ta koyi sakin gefen mayafinta ya sauko daidai kan gilashin, kamar iska ce ta yi. Matan da ke tsare su ma kowa da fassararta. Wata ta ce laya ce. Wata Bakana ta ɗauka talabijin ne, duk sanda Amal ta wuce sai ta gyara ɗankwali ta ɗaga hannu ta gai da 'ya'yanta ɗaya bayan ɗaya da sunayensu, ta ce su kula da awaki. Ina dariya, ina lura da kowa, ban taɓa lura da kaina ba. Ni ba a rataya mini komai ba, don haka na ɗauka lamarin bai shafe ni ba. Kuma a raina hoto kawai take ɗauka. Ko sau ɗaya bai zo mini ba cewa tana ɗaukar murya.

Akwai wata tsohuwa da aka kawo a lokacin, Gwaggo Hure, mutuniyar wajen Maraɗi. Umara ta zo ta zauna, tana sayar da hatsin tattabaru a bakin titin unguwar Misfala har aka kama ta. Siririya ce, ba ta da surutu. Wata safiya aka kira ni da gaggawa, na tarar da ita zaune a ƙasa ta rungume hannun dama a ƙirji. A kanta akwai Salha, gandirobar da ta fi kowa daɗewa a wurin, ga kuma Amal da kyamararta a kunne. Dole in gaya muku wace ce Salha a wurina, don kada ku ɗauka muguwa ce kawai. Mace ce mai zafi, amma ita ce ta tsaya mini lokacin da sharika ta so canza ni, kuma duk shekara sai ta kawo mini dabinon gonar mahaifinta, kun ci shi ba sau ɗaya ba.

Amal ta kira ni da sunan da suke kirana, wato uwar Usman, ta ce, “Ummu Usman, tambaye ta me ya same ta.”

Na durƙusa na tambaya. Gwaggo Hure ta nuna Salha da haɓa, ta ce, “Ɗiyata, wagga mata ta fizge mini jaka, na hwaɗi bisa hannuna. Tun da sahe nike kiran a kai ni ga likita, ta ƙiya.”

Na ɗago kai, idona ya haɗu da na Salha. Ba ta ce mini komai ba, ba ta ko ƙifta ba. Ni ce da kaina na juya na ce wa Amal da Larabci, “Ta ce santsi ne ya kwashe ta. Ta ce da sauƙi.”

Sannan na ce wa tsohuwar, “An ji, Gwaggo, za a duba.”

Ta ce, “Allah shi yi miki albarka.”

Aka shafa mata man zafi, aka ɗaure hannun da bandeji, na koma na ci gaba da shan shayina. Wallahi ban ji komai a raina ba. A ganina wani faɗa na sake kashewa. Sai bayan kwana uku, da hannun ya kumbura har yatsu suka yi baƙi, aka kai ta asibiti. Karaya ce, kuma ƙashin ya fara kamawa a karkace, sai da aka sake gyara shi. Nan ma na ce wa kaina ƙaddara ce.

Bayan kamar mako biyu, ranar wata Alhamis dab da tashi, mudira ta aiko a kira ni. Dattijuwa ce mai tabarau, ba ta ɗaga murya. Ta ce doka ce, duk wadda ta ji rauni har aka kai asibiti sai an duba abin da kyamara ta ɗauka, kuma duk maganar da ba Larabci ba sai an juya ta kalma bayan kalma an rubuta. Ta jawo mini kujera gaban kwamfuta ta kunna abin da kyamarar Amal ta ɗauka. Abin da ya fara zuwa mini dariya ce. Ban taɓa ganin kaina ina tafiya ba. Ashe ina ɗingisa ƙafar hagu, ashe idan zan yi magana sai na fara karkaɗa hannu kamar mai korar ƙuda, ashe muryata sak ta Inna ce. Na shagala ina kallon wannan ƙatuwar mata kamar wata baƙuwa, har ta durƙusa gaban tsohuwa. Sai na ji Hausar Gwaggo Hure tar, kowace kalma a wurinta. Sai na ji Larabcina a bayanta, shi ma tar. Ni kaɗai ce a ɗakin nan na san maganganun biyu ba su haɗu ba ko ta ina. Daidai nan aka buga wa mudira waya, ta duba agogo, ta kashe kwamfutar.

Ta ce, “Motarku za ta tafi. Ranar Lahadi ma ƙarasa, in sha Allah.”

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci muka zauna cin abinci, ni da babanku da Inna, ku kuna can soro wajen maƙwabta. Na kasa kai loma baki, sai na fayyace musu komai. Babanku, Allah ya ji ƙansa, ya ajiye cokali. Ku tuna lokacin an riga an shafa jan fenti a bangon gidajen da ke ƙasa da namu, kowa ya san katafila na tafe, kuma shagon ɗinkinsa na Misfala ba da sunansa yake ba. Takardata ce kaɗai takarda mai ƙarfi a gidan, da ita kuke zuwa makaranta.

Ya ce, “Tsaya in tambaye ki. Wa ke jin Hausa a wurin in ba ke ba?”

Na ce, “Babu.”

“To ki maimaita abin da kika faɗa ranar, shi ke nan. Hannun nan an riga an gyara shi. Idan kika tona, hannun ba zai koma yadda yake ba, mu kuma ina za mu dosa? Ki duba yaran nan, Rakiya.”

Ba zan taɓa ganin laifinsa ba, don abin da ya faɗa ni ma shi nake faɗa wa kaina tun a mota. Inna kuwa sai da ta gama tauna lomarta. Can ta ce, “Ita matar ta san abin da kika faɗa da sunanta?”

Na ce ba ta sani ba.

“Ta yi miki godiya?”

Na ce ta yi, har da sa albarka.

Sai Inna ta ba mu wani labari da ban taɓa ji daga bakinta ba, duk yawan labaran hanyarta. Ta ce lokacin da suka taso daga ƙasar Kano a ƙasa, tana yarinya, an tsare su a wani shinge bayan sun ƙetare Chadi. Mahaifinta bai iya Larabci ba sai na karatu, sai wani Bahaushe mazaunin wurin ya ce zai yi masa tafinta. Mahaifinta ya yi bayani mai tsawo, mutumin ya juya shi a jimla biyu, askarawa suka yi dariya, suka karɓe jakinsu, suka tsare su har damina ta wuce, a nan ƙanwarta ta rasu.

Ta ce, “Har Baba ya koma ga Allah a nan Makka, wani lokaci yana zaune sai ya ce, ko me mutumin nan ya gaya musu? Jakin bai dame shi ba. Rashin sanin ne ya dame shi.”

Ta ɗauki buta za ta fita, ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, “Ni ban ce ki yi ba, ban ce ki bari ba. Ku ne masu yara.”

Zan so in ce muku tsoron Allah ne zalla ya kai ni ga abin da na yi, amma na yi alkawarin gaskiya a wannan rubutu. Akwai tsoron Allah, akwai maganar Inna, akwai kuma wannan hali nawa na son sani. Duk ranar Asabar ina wanki ina tunanin abu ɗaya: ita ma Salha ai tana da kyamara a ƙirji ranar. Me ta ɗauka? Ni ban ga faɗuwar ba. Na rufe magana ban ma san abin da nake rufewa ba. Kuma na san idan na maimaita zancen santsi, mudira za ta rubuta ta rufe fayil, ba mai buɗe ta Salha har abada.

Ranar Lahadi mudira ta kunna daga inda muka tsaya, alƙalami a hannunta. Gwaggo Hure ta yi magana a cikin kwamfuta, mudira ta tsayar, ta dube ni ta saman tabarau. Na juya mata maganar kamar yadda take, jaka da faɗuwa da likita, ban rage ko wasali ba. Ta rubuta. Ta saki hoton ya ci gaba, muryata ta fito tana zancen santsi. Ta mayar baya ta sake saurara. Ta ajiye alƙalamin.

Ta ce, “Ba haka kika faɗa ba ranar.”

Na ce, “Ba haka na faɗa ba.”

“Salha ce ta sa ki?”

“Ba ta ce mini komai ba. Ni na yi.”

“Sau nawa kika taɓa yin irin wannan?”

Na ce, “Tun ranar da na fara aiki.”

Ta cire tabarau ta murza ido. Na zaci za ta yi faɗa, sai ta ce a hankali, kamar da kanta take, wato shekara tara ke nan ba ta san abin da matan nan ke gaya mata ba. Sannan ta nemo ta Salha ta kunna, ta ce in zauna, tunda akwai Hausa a ciki.

Rabin hoton mayafi ya rufe shi, sai ƙasa da ƙafafu muke gani, amma murya na fita. Salha na cewa da Larabci a ba ta jakar, doka ta hana ajiye jaka a ɗaki. Gwaggo Hure na cewa da Hausa maganinta na hawan jini na ciki, a bari ta cire. Kowacce na maimaita tata tana ƙara murya, ba mai jin wata, kuma ba wadda ta ce a kira ni, alhali ina ɗaki na uku ina shan shayi. Salha ta ja, tsohuwa ta riƙe, igiyar jakar ta tsinke, muka ji ƙarar faɗuwa. Abin da ban zata ba, Salha ta sunkuya ta kama kafaɗarta za ta ɗaga ta, har tana cewa bismillah. Tsohuwar ta yi ƙara, Salha ta sake ta, ta tsaya jim, muna jin numfashinta. Sai ta ɗauki jakar ta fita ta ja ƙofa. Daga nan duk sanda ta gifta ta wurin sai mu ji murya daga ciki tana cewa likita, likita. Salha ba ta san kalmar ba, amma ta ga hannun da idonta, kuma ba ta rubuta komai a littafin aiki ba. Na zauna ina mamakin yadda abin bai yi kama da abin da na zana a raina ba. Ban ga muguntar da na ji tsoron gani ba, kuma ban ga santsi ba. Kwana ukun da tsohuwa ta yi da karyayyen hannu kuwa, da za a raba alhakinsu, kasona ya fi na Salha.

An ba Salha takardar gargaɗi, aka ɗauke ta daga ɗakunan mata aka mayar da ita ofishin bakin ƙofa. Ba ta sake amsa sallamata ba, kuma na fahimce ta. Ni kuwa mudira ta ce ba ta da ikon riƙe tafintar da ta san tana canza magana, ko da ita ce ta tona kanta. Za ta rubuta wa sharika cewa kada a sake turo ni, za ta kuma rubuta cewa ni na faɗa da bakina. Sauran kun rayu a cikinsa. Sharika ta janye kafalarta, muka yi kusan shekara muna neman wani kafili, ina tsoron fita ko kasuwa kada a kai ni inda na baro, wannan karon ta ɗaya ƙofar. Usman ya rasa shekara guda ta karatu. Katafila ta iso gidanmu muna cikin wannan hali, muka koma ɗaki ɗaya a gidan ƙanin babanku. Babanku ya yi wata biyu ba ya yi mini magana sai ta dole, daga baya ya sauko, amma bai taɓa cewa na yi daidai ba, ni ma ban taɓa neman ya ce ba.

Kafin in fita a wannan rana ta Lahadi na roƙi mudira abu ɗaya, ta bar ni in ga Gwaggo Hure. Ta ce minti biyar, kuma Amal ta raka ni da kyamara a kunne. Na same ta zaune a bakin katifa, hannun cikin farin filasta har gwiwa. Na durƙusa na gaya mata duka: abin da ta ce, abin da na ce ta ce, da dalilin da ya sa likita bai zo ba.

Ta ce, “Ashe.”

Na ce ta yafe mini don Allah.

Ta ce, “Allah shi yahe muna baki ɗai.”

Har yau ina juya wannan amsa, ban san ko yafiya ce ko kuwa ta miƙa ni gaba ne kawai ba. Na yunƙura zan tashi, sai ta riƙe mini gefen abaya da hannun hagu.

Ta ce, “Yanzu in na yi magana, abin da na ce za ki hwaɗi?”

Na ce, “Shi zan faɗa, Gwaggo.”

“Duka?”

“Duka.”

Ta gyara zama, ta dubi Amal ido cikin ido, ta ce a gaya mata har yau ba a ba ta maganinta ba, kanta na sarawa kullum. Ta ce shinkafar da ake kawowa ba ta nuna. Ta ce matar da ke kwana kusa da ƙofa ciki gare ta, tana ɓoyewa don tsoro, a duba ta. Ta ce kuma wadda ta karya mata hannu ba ta da tarbiyya, ko sannu ba ta zo ta ce ba. Na juya su ɗaya bayan ɗaya, har ta ƙarshen. Amal ta ciro ɗan littafinta ta fara rubutu, ta ce in maimaita mata ta biyun, ba ta ji da kyau ba. Na maimaita.